Injin ya ƙi tashi bayan na ɗaure bawul, tafet ɗin haidirolik ne, a ina na kuskure?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum manyanmu. Dan Allah ina neman taimako, kaina ya kulle. Injin Chevrolet 350 ne, tsohon V8 ɗin nan mai kaburata, na sauke tof, wato kan injin, na canza gaskit, da na ga tafet, guntayen ƙarfen nan da ke ɗagawa su sa bawul ya buɗe, sun tsufa sai na sa sababbi guda 16 duka haidirolik, wato masu aiki da mai a cikinsu. Da na zo ɗaure roka, ƙarfen da ke danna bawul, sai na bi yadda aka faɗa min, wai ka riƙa murza fushrod, sandar da ke tsakanin tafet da roka, da yatsa kana ɗaure noti har sai ya daina juyawa, sannan ka ƙara rabin juyi. Na yi haka duka. Yanzu in na murza makulli injin juyawa kawai yake yi da sauri kamar babu fulogi a jikinsa, wani lokacin ya yi tari ta kaburata har da ɗan wuta. Kafin na taɓa shi yana tashi lafiya, gaskit kawai ya ƙone. Tayimin ban taɓa ba, distiributa ma na yi mata alama kafin na cire.

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Ka matse su da yawa, ba wani abu ba ne. Juyawa da sauri kamar babu fulogi, ai kwamfireshan ne babu, bawul ɗinka a buɗe suke ba sa zama. Kada ka ƙara murza makullin nan sai ka sassauta.

Sabon Hannu:
Oga rabin juyi fa kawai na ƙara wallahi, ban wuce ba

Mai Sifana:
Rabin juyi daga ina? Nan ne maganar take. Ka ce "har sai ya daina juyawa". Sabon tafet babu mai a cikinsa, ɗan fistin ɗin da ke ciki sifirin ne kawai ke riƙe da shi, sifirin ɗin kuma da yatsa ma za ka danne shi. To kana ɗaure noti fushrod yana ta juyawa a hannunka sumul, kai kana jiran ya tsaya, shi kuma yana ta nutsewa cikin tafet, ba zai tsaya ba sai ya kai ƙasa ya buge. Lokacin da ka ji ya tsaya ka riga ka cinye duk tafiyar da ke cikin tafet ɗin, sai kuma ka ƙara rabin juyi a kai, wannan rabin kai tsaye bawul ya tura ya buɗe.

Baba Tsohon Ƙarfe:
Yaro bari na yi maka bayanin abin da ke cikin tafet ɗin nan tukuna, don in ka san cikinsa ba wanda zai sake ruɗa ka da lissafin juyi. Ka ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin da ka cire, ka zare ɗan kilif ɗin waya da ke bakinsa. Za ka ga kofin da fushrod ke zama a kai, ƙarƙashinsa ɗan fistin, ƙarƙashin fistin ɗin akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da ke toshe wata ƙaramar kafa, sai sifirin a can ƙasa. Shi ke nan. In injin yana aiki mai yana shiga ta gefen tafet, ya wuce ƙwallon ya cika ɗakin da ke ƙasa. Da tozon kam, wato sandar nan mai tozaye da ke juyawa a ƙarƙashin tafet, ya zo ya ɗaga tafet sai ƙwallon ya rufe, man ya rasa hanyar fita, shi kuma mai ba ya matsuwa kamar iska, sai tafet ɗin ya zama kamar dunƙulen ƙarfe ya tura fushrod. Kaɗan daga man yana tsiyayewa ta gefe, da gangan aka yi haka, in kam ya wuce sifirin ya sake turo fistin sama ya sha wani man. Da haka yake cinye wasa da kansa, injin ya yi zafi ƙarfe ya miƙe ko ya yi sanyi ya tsuke, duk shi zai bi.

To kai aikinka ɗaya ne, ka ajiye fistin ɗin nan a inda yake da wurin hawa da wurin sauka. In ka bar shi can sama yana dukan kilif, ƙara za ka ji, wata rana kilif ɗin ya fita. In ka danne shi ƙasa, abin da ya same ka ke nan. Ba tazara muke aunawa ba irin ta tafet mai tauri da ake zura filageji, siririn ƙarfen auna tazara, a nan tazara babu ita sam.

Kuma abin ba sabo ba ne, tun 1930 Cadillac ta sa irin wannan dabarar a injinta mai silinda 16. Amma har yau ita ce take kayar da masu koyo.

Sabon Hannu:
Na gode Baba Allah ya ƙara girma. To yaya zan gane inda wasan ya ƙare in murzawa ba ta da tabbas?

Baba Tsohon Ƙarfe:
Sama da ƙasa za ka riƙa girgiza shi, ba murzawa ba. Ka riƙe fushrod da yatsa biyu kana ɗaga shi kana sauke shi, za ka ji yana ɗan ƙwas ƙwas tsakanin roka da tafet. Ɗaya hannun yana ɗaure noti a hankali, soket 5/8 ne. Lokacin da ƙwas ɗin ya ɓace, tsaya nan. Nan ne ziro ɗinka. Kada ka danna da ƙarfi wajen girgizawa, in ka danna kai da kanka za ka nutsar da fistin ka ɗauka wasa ne.

Injiniya Ba Takarda:
Ni dai ban yarda a ce murzawa kuskure ba ce gaba ɗaya. Shekara da shekaru da ita nake yi. Abin da mutane ba su gane ba, ba tsayawar fushrod ake jira ba, ɗan nauyin farko da za ka ji a yatsa shi ake jira, da ka ji ya ɗan ja ka tsaya. Matsalar shi wanda ya koya wa yaron nan ne bai faɗa masa daidai ba

Mai Sifana:
Kai hannunka ya saba ne. Sabon shiga da yatsunsa duk mai a jiki ina zai ji wannan ɗan nauyin? Gara a koya masa wadda ba ta yaudara.

Injiniya Ba Takarda:
To na ji. Amma akwai abin da ba wanda ya tambaye shi har yanzu. Sabon Hannu, lokacin da kake ɗaure kowanne, a ina kam yake? Ko dai ajiye injin ka yi wuri ɗaya ka bi su 16 a jere?

Sabon Hannu:
A'a na kawo alamar fuli kan sifili na ɗaure rabi, na juya injin zagaye ɗaya na ɗaure sauran

Injiniya Ba Takarda:
Madalla, amma ka tabbata silinda lamba 1 ce take kan wuta a zagayen farko, wato daidai lokacin da fuloginta ke kunna wuta? Don alamar nan sau biyu take zuwa sifili, kiranshaf yana zagaye biyu kam yana zagaye ɗaya. Sau ɗaya lamba 1 ce a kan wuta, ɗayan kuma lamba 6 ce. Ka sa ido a kan rokokin lamba 1 lokacin da alamar take matsowa, in sun tsaya cik to lamba 1 ce, in ka ga suna motsi ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa to kana kan lamba 6, sai ka ƙara zagaye. In ka juya lissafin nan ka ɗaure wasu a kan tozo, su kuma waɗannan sako-sako za su fito, ƙara kamar ana dukan kwano.

Ga yadda yake a injin ɗin nan in kam ɗin na kamfani ne. Lamba 1 a kan wuta: ka ɗaure igzos, wato bawul ɗin fitar hayaƙi, na silinda 1, 3, 4, 8, da inlet, wato na shigar iska da fetur, na 1, 2, 5, 7. Ka juya zagaye ɗaya cif, lamba 6 a kan wuta: igzos na 2, 5, 6, 7, inlet na 3, 4, 6, 8. Kuma ka kula bawul ɗin ba inlet igzos inlet igzos suke jere ba, daga gaba igzos, inlet, inlet, igzos, igzos, inlet, inlet, igzos ne. In ka rikice ka dubi bakin manifol, wanda ya yi saiti da bututun hayaƙi shi ne igzos.

Mai Sifana:
Wannan lissafin daidai ne amma ni na daina amfani da shi tuntuni. In kam ɗin babba ne, irin na ƙarin ƙarfi, wasu tafet ɗin sun riga sun fara hawa gangaren tozo a wannan wurin, sai ka ɗaure a inda bai kamata ba. Hanyar da ba ta ƙarya ko da wane irin kam, silinda ɗaya bayan ɗaya: ka juya injin da hannu har igzos ya fara buɗewa, sai ka ɗaure inlet na wannan silindar. Ka ci gaba da juyawa inlet ya buɗe gaba ɗaya ya dawo ya kusa rufewa, sai ka ɗaure igzos. A waɗannan wuraren wanda kake ɗaurewa yana can gadon bayan kam, nesa da tozo. Ka cire fulogi duka don injin ya yi sauƙin juyawa, kuma ka riƙa yi wa wanda ka gama alama da alli, don wallahi ana kiranka a waya za ka manta inda ka tsaya.

Direban Dare:
ni fa tambaya ta daban ce, motata Honda ce tana ɗan ƙas ƙas da safe, nima haka zan yi?

Mai Sifana:
A'a kar ka soma. Yawancin injinan Honda masu silinda 4 tafet ɗinsu ba na mai ba ne, sukuru ne da noti, da filageji ake auna tazara injin yana sanyi. In ka cinye wasan ka ƙara rabin juyi ka ƙone bawul. Wasu injinan Toyota kuma kofi ne a kan bawul, kaurin shim, wato ɗan faifan ƙarfe, ko na kofin ake canzawa. Ka fara sanin irin naka.

Lissafi Dalla-Dalla:
Tunda ana ta rabin juyi rabin juyi bari na sa lissafi a ciki don a san me ake nufi. Sitod ɗin roka, wato sandar da ake ɗaure notin a kanta, na 350 na kamfani 3/8 ne mai zare 24 a inci ɗaya, ke nan juyi ɗaya noti yana sauka kashi ɗaya cikin 24 na inci, wato 0.042, milimita ɗaya da ɗan ɗoriya. Amma ba wannan ne ke isa tafet ba. Bakin roka ɗaya yana zaune a kan bawul ba ya motsi, kai kuma tsakiya kake dannawa, to ɗaya bakin da ke kan fushrod ya fi tsakiya sauka. Da roka mai rabo 1.5 sai ka ninka da kusan 1.67. Rabin juyi ya zama kusan 0.035 na inci a kan tafet, juyi ɗaya ya kusa 0.070. Masu ƙera tafet galibi tsakanin 0.020 da 0.060 suke so. In kuma sitod ɗinka 7/16 ne mai zare 20, juyi ɗaya 0.050 ne tun a noti, ke nan rabin juyin wani ba rabin juyinka ba ne.

Baba Tsohon Ƙarfe:
Lissafinka ya yi kyau amma littafin kamfani na tsofaffin injinan nan juyi ɗaya cif ya ce, kuma mun yi ta yin haka ba abin da ya faru. Tafet na kamfani yana da tafiya mai yawa a ciki, juyi ɗaya tsakiya yake ajiye fistin. Ni har gobe uku bisa huɗu nake bayarwa a motar aiki, shiru take yi, kuma ko bawul ya ɗan ci kujerarsa ko wani abu ya ɗan lashe akwai sauran wuri ta kowane ɓangare.

Lissafi Dalla-Dalla:
Baba ban musa ba, amma masu taka mota sosai suna da dalilinsu na rage shi zuwa kwata. In injin ya yi gudun da sifirin ɗin bawul ya kasa riƙewa, sai a sami ɗan wasa na ƙiftawar ido, shi kuma tafet bai san komai ba sai cike wasa, sai ya sha mai ya kumbura ya hana bawul zama. In danninka kaɗan ne, ko ya kumbura kilif zai tare shi da wuri. In juyi ɗaya ne yana da wurin hawa da yawa.

Baba Tsohon Ƙarfe:
Ai shi yaron nan ba tsere zai je ba. Ya yi rabi, ya fi masa kwanciyar hankali tunda hannunsa bai gama sanin ziro ba, in ya ɗan zarce wajen nema rabin zai rufa masa asiri.

Gwanin Silo:
Ku duk kuna wahalar da kanku. Ni injin yana aiki nake yi. Ya yi zafi, yana silo ba a taka totur ba, na sassauta noti har ya fara ƙara, na ɗaure a hankali har ƙarar ta ɗauke, sannan na ƙara kwata, injin zai ɗan yi rawa kamar zai mutu, na jira kamar daƙiƙa goma tafet ya sauke mai ya daidaita, na ƙara wani kwatan. Kunne ba ya ƙarya. Illarsa ɗaya wankan mai, fushrod yana feso shi har kan manifol ɗin hayaƙi ya yi ta turnuƙewa, shi ya sa na yanke saman wani tsohon murfin bawul nake kifa shi a kai, soket na shiga mai ba ya fita.

Mai Sifana:
Hhh to shi da injinsa bai tashi ba ta ina zai yi wannan? Kuma ka manta sababbin tafet ya sa. In masu shafaffen gindi ne, ba masu taya ba, tashin farko ba a barin injin a silo ko kaɗan. Ana kai shi wajen juyi 2000 zuwa 2500 a minti a riƙe na minti 20 zuwa 30 ana ɗan hawa ana sauka, don mai ya fantsamu a kan kam kuma tafet su riƙa juyawa a raminsu su saba da tozo. Ka bar shi a silo kana wasa da noti, kam ɗin ne zai tafi.

Sabon Hannu ni abin da ma ya fi damuna ke nan, sau nawa ka yi ta murza makulli? Don man shafawar da ka sa a gindin tafet duk juyi yana gogewa.

Sabon Hannu:
Innalillahi. Na yi kamar sau goma, amma gajere gajere. Masu shafaffen gindi ne. Na shafa musu mai mai kauri ɗin da ya zo da su. Wani kuma ya ce min laifina ne da ban jiƙa su cikin mai kwana ɗaya ba na yi ta danna su har su cika

Injiniya Ba Takarda:
Jiƙawa ba laifi, amma dannawa har su yi tauri ni ban ba ka shawara ba. In tafet ya cika tam, kana ƙara rabin juyin nan fistin ba zai sauka nan take ba, bawul ne zai buɗe, sai ka jira man ya tsiyaye kafin ka juya injin. Gara ka ɗaure su haka, sannan ka cire distiributa ka zura sandar juya famfon mai da dirila, ka juya har ka ga mai ya fito a kan rokoki duka. Ka mayar da distiributa a kan alamarka. Kuma man da za ka sa wa tashin farko ya zama mai sinadarin zinki, na zamani da yawa an rage musu shi saboda yana lalata matatar hayaƙi ta salansa, kuma tafet ɗin injinan yanzu galibi masu taya ne, ba sa buƙatarsa sosai.

Direban Dare:
to ni motar ƙanina V8 ce ta GM amma sabuwar ƙira, ya ce babu noti, ɗaurewa kawai ake yi

Lissafi Dalla-Dalla:
Irin LS ke nan. Nan roka a kan kujera take zaune, bol ake ɗaurewa da tokrenc, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, a kan 22 lb-ft, wato 30 Nm, shi ke nan ba juyi ba lissafi. Tsawon fushrod shi ke yanke yawan danni. Shi ya sa in an kai tof an share shi ko an sa gaskit mai kauri daban, sai an sake auna fushrod, ba wai a ƙara wa bol ƙarfi ba.

Sabon Hannu:
Jama'a na dawo. Na sassauta duka 16, na bar su kamar awa ɗaya, na bi silinda ɗaya ɗaya kamar yadda Oga Mai Sifana ya ce, da girgiza sama da ƙasa. Abin mamaki da na ƙirga, notin inlet na lamba 1 sai da na dawo da shi baya fiye da juyi biyu daga inda na bar shi jiya kafin wasa ya bayyana. Na ba su rabi rabi, na tura mai da dirila, bugu ɗaya ya tashi. Na riƙe shi sama da 2000 na minti 25 ina kallon zafi. Yanzu yana silo lafiya, sai dai akwai ƙas ƙas guda ɗaya a ɓangaren dama wajen baya, ba ta tafi ba ko da ya yi zafi

Gwanin Silo:
Alhamdulillahi. Yanzu ka zo layina. Amma kafin ka taɓa noti ka tabbata bawul ne, gaskit ɗin manifol ɗin hayaƙi in yana huci sak irin wannan ƙarar yake yi, sai dai ita ta fi ƙarfi da sanyi, kuma za ka ga baƙin toka a wurin. Ka ɗora dogon sukundireba a kan murfi ka kara kunne a ƙotar, ka bi har ka sami inda ta fi ƙarfi.

Sabon Hannu:
Na yi, igzos na lamba 8 ne, na buɗe na ga yana da wasa sosai alhali da hannuna na ɗaure shi ɗazu. Na sake ɗaurewa ya yi shiru, bayan kamar minti goma ta dawo

Baba Tsohon Ƙarfe:
Tsaya, kar ka sake ɗaure shi. Wasan da ke dawowa bayan an cinye shi wani abu ne ke gudu, kuma abu uku ne. Ko noti ya gaji yana warwarewa da kansa, don notin nan a matse bakinsa yake, in an cire an mayar sau da yawa riƙonsa yana mutuwa. Ko sitod ne ke zarewa daga tof, don na kamfani dannawa aka yi ba zare ne da shi ba, kuma matsin da ka yi musu jiya zai iya taimakawa. Ko kuma tozon kam ne ke cinyewa, wannan ita ce ba ma fata.

Ka yi wa noti da sitod alama da fenti layi ɗaya, ka tayar, in layin ya rabu noti ne. Ka kashe ka ɗora rula a kan sitod ɗin layin nan duka takwas, in na lamba 8 ya fi 'yan'uwansa tsawo ya zaro. In duk biyun lafiya, ka dubi rokar tana aiki, tana sauka kamar ta kusa da ita ko rabin hanya take tsayawa, fushrod yana juyawa ko ya tsaya cik, sannan ka yanka filtar mai ka buɗe takardar a rana ka ga ko tana ƙyalli.

Sabon Hannu:
Baba layin fenti bai rabu ba. Na ɗora rula, tana lilo a kan na ƙarshe, ya ɗara sauran da kusan milimita 2, har ina ganin wani ɗan farin zobe a gindinsa inda ya fito. Fushrod yana juyawa, filta ma na yanka ban ga ƙyalli ba

Mai Sifana:
Ka tsira, sitod ne. Kar ka buga shi da guduma ka mayar, zai sake fitowa. Ko a sa wani sitod mai ɗan kauri a danna, ko a huda a sa masa fin, ko a yanka zare a ramin a sa sitod mai ɗaurewa, wannan ta ƙarshen ta fi daɗewa. Ramin yana iya kaiwa ga hanyar ruwa, don haka a shafa abin toshe zare kafin a ɗaure. Kuma tunda sauran 15 ɗin ma sun sha irin matsin da ya sha, ka ɗora rular nan a ɗaya ɓangaren ma kafin ka rufe murfi.

Sabon Hannu:
To Oga. Ɓangaren hagu duk daidai suke, na duba yanzu. Ana iya yanka zaren tof yana kan injin ko sai na sake sauke shi? Don gaskit ɗin nan sabo ne ina jin ciwon ɓata shi

Mai Sifana:
Guda ɗaya ana iya yi a kai in ka toshe ramukan komawar mai da tsumma, ka cika taf, wato ƙarfen yanka zaren, da giris ya kama garin ƙarfe, kuma ka sami abin saiti don ramin ya tafi a miƙe. In ya karkace ko kaɗan roka za ta riƙa cin gefen bawul. In ba ka da abin saitin, sauke shi, ka sayi wani gaskit.